Dokin Ƙarfe da 'Yancin Mata: Darasi Daga Tarihin Keke

Da wuya mutum ya dubi keke, abin hawan da ake yi wa kirari da dokin ƙarfe, ya yi zaton yana da wani gurbi a tarihin gwagwarmayar neman 'yanci. Amma a ranar 21 ga watan Mayu na shekarar 1897, sa'ad da Jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila ta kaɗa ƙuri'a a kan ko za a fara bai wa mata digiri, ɗalibai maza masu adawa da shawarar sun rataye mutum-mutumin mace a bisa keke daga tagar wani bene da ke kallon zauren taron, don su yi wa matan ba'a. Da aka ƙirga ƙuri'u, 1,713 suka ƙi, 662 suka yarda, kuma mata ba su sami cikakken digirin wannan jami'a ba sai a 1948. Abin tambaya shi ne, me ya sa waɗannan samari suka zaɓi keke ya zama alamar macen da suke gudun zuwanta, alhali a kan karatu ake gardama?

Amsar ita ce, sun gane cewa 'yancin da ke rubuce a takarda ba ya amfanar wanda ba shi da halin isa inda ake cin moriyarsa. Gudummawar keke ga matan Turai da Amurka ta fito ne ta fuska uku: ya rage musu nisa, ya tilasta sauƙaƙa suturarsu, sannan ya tona asirin wata ƙarya da aka sanya wa rigar kimiyya.

Kafin a fahimci haka, ya kamata a dubi yadda keken kansa ya sauya. A 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera abin hawa na katako mai taya biyu, wanda ba shi da feda, sai dai mahayi ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa. A shekarun 1870 aka yi yayin keke mai ƙatuwar tayar gaba. Da yake fedarsa a jikin tayar take, juyin feda ɗaya juyin taya ɗaya ne, don haka mai son gudu dole ya ƙara girman taya, har takan kai mita ɗaya da rabi. Wanda ya faɗo daga can sama, da ka yake sauka, kuma mace mai doguwar riga ba ta da yadda za ta hau. A 1885 John Kemp Starley na garin Coventry ya fito da keken Rover, mai tayoyi biyu kusan kai ɗaya da sarƙa mai juya tayar baya. A 1888 kuma John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya ƙera tayar da ake hura wa iska. Masu ƙira suka saukar da sandar tsakiya don mai riga ta hau cikin sauƙi, kuma cikin shekarun 1890 keke ya cika titunan Ingila da Faransa da Amurka.

Sirrin keke yana cikin yadda jiki ke kashe kuzari. Mai tafiya da ƙafa, a kowane taku gangar jikinsa tana ɗagawa ta sauka, tsokoki suna tsayar da ƙafa su sake tayar da ita, ga kuma nauyin jiki duka a kansu. A bisa keke kuwa, sirdi ne ke ɗauke da nauyin, taya tana birgima ba tare da tsayawa ba, ƙafafu kuma juyawa kawai suke yi. A 1973 injiniya S. S. Wilson ya nuna a mujallar Scientific American cewa kuzarin da mai keke ke kashewa a kilomita ɗaya bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na abin da mai tafiya da ƙafa ke kashewa ba. Ga kuma lissafin da kowane ɗalibin sakandare zai iya yi. Mai tafiya yakan ci kilomita 5 a sa'a ɗaya, mai keke kuwa 15 ba tare da wahala ba. Tun da faɗin da'ira yana ƙaruwa ne da nisan tsakiyarta zuwa gefe sau kansa, ninka nisa sau 3 yana ninka filin da mutum zai iya kaiwa sau 9. Makarantu da wuraren aiki da zaurukan taro da ke cikin ikon mace sun ninka kenan. Keken doki sai mai hali, ga shi yana buƙatar mai kora, jirgin ƙasa kuma da lokacinsa yake tafiya. Keke ba ya cin ciyawa, ba ya jiran kowa.

Fuska ta biyu ita ce sutura. Macen Ingila ta wancan zamani takan ɗaura wata ɗamara mai tsinkaye tamau daga ƙirji zuwa ƙugu, sannan ta jera fatari bisa fatari har ƙasa. Wannan ɗamara tana matse haƙarƙari, ta hana huhu buɗewa sosai, shi ya sa ɗan aiki kaɗan sai haki. A 1881 aka kafa wata ƙungiya a Landan mai neman gyaran suturar mata, wadda ta ce bai kamata nauyin tufafin ciki ya wuce kimanin kilo 3 ba. Mai karatu ya ƙiyasta abin da ake ɗauka kafin nan. Batun na nauyi ne da numfashi, amma kiran ƙungiyar bai yi tasiri sosai ba sai da keke ya zo, domin doguwar riga tana shiga sarƙa, mai matsattsen ƙirji kuma ba ta hawa tudu. Wasu suka sa buje-wando mai faɗi, akasari kuma suka rage tsawon riga, suka sassauta ɗamara. Ba a yi hakan ba tare da tsangwama ba. A 1898 mai wani masauki a yankin Surrey ta ƙi karɓar Lady Harberton a ɗakin da ake karɓar baƙi masu daraja saboda kayan hawan kekenta, kuma da aka je kotu a 1899, mai masaukin ce ta yi nasara.

Fuska ta uku ita ce ta fi shafar ɗalibin kimiyya. Wasu likitocin lokacin sun rubuta cewa hawan keke zai lalata mahaifa, ya raunana jijiyoyin mace, har ma suka ƙirƙiro wata cuta da suka kira "fuskar keke", wai fuskar mahayi takan ƙage cikin damuwa saboda ƙoƙarin kada ya faɗi. Ba su kafa hujja da gwaji ba, ba su kuma kwatanta masu hawa da marasa hawa ba. Al'adar zamaninsu suka furta da bakin likita. Masu iya magana kan ce ramin ƙarya ƙurarre ne: dubban mata suka hau, suka haihu, suka tsufa lafiya. A yau an tabbatar cewa motsa jiki a kai a kai yana ƙarfafa zuciya, yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi, mace ko namiji, da aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako.

Jagororin mata sun lura da wannan dama. Frances Willard ta Amurka ta koyi keke tana da shekara 53, ta kuma wallafa littafi a kai a 1895. Annie Londonderry ta bar Boston a 1894 ta kewaya duniya da kekenta, ko da yake ta yi wani ɓangare na tafiyar a jiragen ruwa da na ƙasa, ta kammala a 1895. Kate Sheppard, wadda ta jagoranci fafutukar da ta sa matan Niyu Zilan suka sami ƙuri'a a 1893, tana cikin ƙungiyar mata masu keke ta Christchurch. Alice Hawkins, ma'aikaciyar masana'antar takalma a Leicester, da keke ta riƙa kai kiran neman ƙuri'a ƙauyuka. A 1896 Susan B. Anthony ta shaida wa 'yar jarida Nellie Bly cewa, a ganinta, babu abin da ya kai keke 'yantar da mata.

Sai dai adalci ne a ce wannan magana ta Anthony ta yi zurfi. Fafutukar matan Amurka ta girmi keken Starley, domin tun 1848 aka yi taron Seneca Falls, kuma ba su sami ƙuri'a a faɗin ƙasar ba sai 1920, na Birtaniya kuwa sai 1918, daidaito da maza sai 1928. Haka kuma, da farko keke yana da tsada, don haka 'ya'yan masu hali ne suka fara morarsa. A 1894 babbar ƙungiyar masu keke ta Amurka ta hana baƙar fata shiga, abin da wata baƙar mace, Kittie Knox, ta ƙalubalanta a 1895. Ƙarfe ba ya sauya doka. Mutane ne ke sauya ta, amma sai sun iya haɗuwa, kuma a nan keke ya yi aikinsa.

Ko wannan tarihi ya wuce? A 2006 gwamnatin jihar Bihar ta ƙasar Indiya ta fara bai wa 'yan matan da suka shiga aji 9 kuɗin sayen keke. Masana biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, suka yi abin da likitocin 1890 ba su yi ba: suka kwatanta 'yan mata da maza, kafin shirin da bayansa, sannan suka kwatanta Bihar da maƙwabciyarta Jharkhand inda ba a yi shirin ba. Sakamakon da suka wallafa a 2017 ya nuna shigar 'yan mata sakandare a shekarun da suka dace ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, tazarar da ke tsakaninsu da maza ta ragu da kashi 40, kuma amfanin ya fi fitowa a ƙauyukan da ke nesa da makaranta.

Darasi biyu ke nan ga ɗalibai da malamansu. Na farko, duk wanda ya ce kimiyya ta hana wani jinsi wani abu, a tambaye shi me ya gwada, mutum nawa ya ƙirga, da wa ya kwatanta. Na biyu, idan yarinya ta gama firamare ba a sake ganinta a aji ba, kafin a yanke hukunci a kanta ko a kan iyayenta, yana da kyau malami ya fara auna kilomita nawa ne tsakanin ƙofar gidansu da ƙofar makaranta. An ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma sau da yawa abin da ke hana tafiyar, ana iya auna shi da ma'auni.