Wanda zai shugabanci ƙungiyar kare daji, ya fara sanin dajin na wa ne

Shekarun nan ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke cewa sun zo kare daji da namun daji sun yawaita a jihar Damagaram. Wasu daga Turai suke, wasu ƴan ƙasa ne suka kafa, kuma yawancin masu tafiyar da su yau yaran da suka fito daga hannunmu ne, mu malaman makaranta. Shi ya sa nake ganin zancen ya shafe mu, mu da iyaye. Ra'ayina shi ne: shugaban irin wannan ƙungiya da bai yarda ya miƙa wa mutanen wuri ikon yanke hukunci ba, to aikinsa zai mutu ranar da kuɗin foroje suka ƙare. Iko nake nufi, wato su ce eh ko a'a kuma maganarsu ta zauna. Kiran taro a raba goro da kuɗin mota, a ɗauki hoto, wannan wani abu ne daban.

Hujjata tana tsaye a gonakinmu na Icirnawa da Matamaye da Magarya da Mirya. Duk wanda ya bi hanyar Takeita zuwa iyakar Najeriya da rani zai ga gawo kore shar a cikin gonaki, alhali komai ya bushe. Itacen nan yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi inuwa, ƴaƴansa su ciyar da awaki da tumaki. Binciken da Mahaman Larwanu da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya nuna cewa manoman waɗannan yankuna uku, Magarya da Matamaye da Mirya, sun raya itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 1. A faɗin Nijar kuwa ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Ba gandun shuka ne ya samar da su ba. Manomi ne ya ga toho a gonarsa, ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran, ya tsare su daga dabba da gatari. Sassaben zamani ke nan, wanda Toni Rinodo, mutumin Ostiraliya, ya fara yaɗawa a jihar Maraɗi daga 1983, ko da yake dattawanmu sun san barin gawo a gona tun kafin a haife shi.

To me ya hana a yi haka tun da farko? Doka. Tun dokar daji ta Faransawa ta 1935, itace ya koma hannun hukuma, kuma dokar 1974 bayan ƴancin kai ta bi sawunta. Gawo yana cikin itatuwan da aka haramta sara. Niyyar ta alheri ce, amma ga yadda ta kasance a ƙauye: ka rene itace a gonar gadonka, ranar da ka datse reshe don yin rumbu, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Mai hankali sai ya tumɓuke tohon tun yana ƙarami, don kada ya renar wa kansa fitina. Dokar kare itace ita ce ta share gonaki. Sai da ƙarfin hukuma ya ragu a karkara a shekarun 1980 da 1990, manoma suka fara jin cewa abin da suka raya nasu ne, sannan dajin ya dawo. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun sassauta, kana a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itatuwan da ya raya. Takarda ta zo ne tana bin bayan manomi da shekara talatin da wani abu.

Wannan tarihi ne ya sa nake cewa aikin farko na shugaban ƙungiya sulhu ne. Har gobe akwai tsoffin da in sun hango mai kakin gandun daji sai gabansu ya faɗi. Wanda ya zo da mota mai tambarin ƙungiya, yana rakiyar ma'aikatan nan, ya gaji wannan tsoro ko ya sani ko bai sani ba. Akwai kuma sulhu na biyu mai wuya, tsakanin manomi da makiyayi. Itacen da ya ƙaru a gona ya ƙara abin rikici, domin Bafulatanin da ke sassake rassan gawo don shanunsa yana ganin yana yin abin da kakansa ya yi, mai gona kuwa yana ganin ɓarna.

A nan kusa da mu aka gwada hanyar da ta fi burge ni. Dajin Takeita, mai faɗin fiye da hekta 6,000, daji ne na hukuma da ya kusa ƙarewa. Daga 1995 zuwa 2000 ƙungiyar SOS Sahel ta yi aiki da gwamnati a kansa, kuma maimakon ta kafa kanta a matsayin sabuwar mai daji, sai ta taimaka aka kafa ƙungiyar mutanen wuri mai suna Ku Tayani, wadda ta haɗa wakilan ƙauyuka da na makiyaya, har da masu zuwa su wuce. Su suka tsara ƙa'idar kiwo da ta saran itace. Aikin ya ɗauki lokaci, an sha gardama, kuma na tabbata masu ba da kuɗi sun ƙosa, domin zaman shawara ba ya fitowa da kyau a rahoto kamar adadin dashen da aka yi. A Ɗan Saga ta yankin Agye ma kwamitocin ƙauye ne, da mata da Fulani a cikinsu, suke tsaron itatuwa.

Wani zai ce duk wannan zancen itace ne, ina namun daji? Kuma zai ƙara da cewa mutanen gari ne fa suka cinye barewa da zabin daji da kansu, ta yaya za a ba kura ajiyar nama? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ni kaina ban yarda cewa duk abin da sarki ko mai gari ya yanke daidai ne ba. Akwai inda sarauta ke sayar da makiyaya, akwai inda mata ba su da baki alhali su ke neman itacen girki. Miƙa iko ga mutanen wuri ya haɗa da tabbatar da cewa ba mutum uku ne suka ƙwace shi ba.

Amma a dubi raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai. A 1996 saura 49 kacal. Ba shinge aka yi musu ba, cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin wake da mangwaro, kuma duk da haka sun haura 600. Dalili shi ne an nemi yardar ƙauyukan, an kawo rijiyoyi da ƙananan basussuka, samarin wurin suka zama ƴan rakiyar baƙi. A 2018 har an kwashe 8 zuwa dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. A kwatanta da Tarmit da Tin Tuma a arewacin jiharmu, wanda aka ayyana a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000. A 2016 masu ƙidaya sun samu guda 3 kawai na farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya ta ɗora laifin a kan ayyukan haƙar man fetur da farautar sojojin da ke gadin wurin. A 2018 aka ba ƙungiyar Noé ta Faransa riƙon dajin, a 2019 kuma gwamnati ta sake shata iyakarsa saboda rijiyoyin mai. Tubawa da Buzayen da ke kiwo a can tun kaka da kakanni ba su ne suka kawo motocin ba, ba su ne suka ja layin taswirar ba.

Abin da ya rage namu ne. Kowace 3 ga Agusta muna fitar da yara su dasa itace a filin makaranta, kuma kowa ya san yadda dashen ke kasancewa kafin watan Maris, in awaki sun gama da shi. Darasin da yaro ke ɗauka shi ne itace abu ne da ake kawowa a leda daga ofis. Na fi son abokan aikina su kai ɗaliban aji biyar da shida gonar wani dattijo, shi ya riƙe wuƙa ya nuna yadda ake gyara tohon gawo da kalgo da sabara, malami ya tsaya a baya tare da yaran. A sa su rubuta sunayen dabbobin da kakanninsu suka gani a dajin garin da waɗanda ba a ƙara gani. Iyaye kuma, in ƙungiya ta zo garinku da batun daji, ku tambayi shugabanta a gaban mai gari: wa zai rubuta ƙa'idar, wa zai riƙe kuɗin tara, ardo yana da kujera a kwamiti, mata nawa ne a ciki, kuma a wace shekara ƙungiyar za ta miƙa muku aikin gaba ɗaya?