Kitse, Taba da Yawan Zama: Maƙiyan Zuciya

Kowace shekara, ran 29 ga watan Satumba, ƙasashen duniya suna tunawa da Ranar Zuciya. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa cikin shekara ta 2019 cututtukan zuciya da na hanyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 18. Fiye da kashi uku bisa huɗu na mamatan, mutanen ƙasashe masu tasowa ne. Saboda haka mai cewa wannan ciwon Nasara ne, sai ya sake shawara.

To, mi ke kawo shi? Cikin jinin ɗan Adam akwai wani maiƙo da likitoci ke kira kolestarol. Hanta ce ke yin mafi yawansa, jiki kuwa yana bukatarsa. Amma hanyarsa biyu ce. Wanda ake kira LDL, in ya yi yawa, yana kwantawa jikin hanyoyin jini kamar yadda laka ke cushe magudanar ruwa. HDL shi ke kwashe rarar ya mai da ita ga hanta. Ran da hanyar zuciya ta toshe, sai mutum ya faɗi. In ta ƙwaƙwalwa ce, sai ɓarin jiki ya shanye. Abin tsoro, yawan kolestarol ba ya sallama. Awon jini kaɗai ke tona shi.

Iyayenmu sun rayu bisa hatsi da dawa da wake da ganye, nama sai ran kasuwa ko salla. Yau ma'aikacin Yamai ko Maraɗi ya saba da kitsen gasasshen nama, da man shanu, da man ja, da soye-soye. Waɗannan ke hau da LDL. Man gujiya ya fi su sauƙi ga zuciya, wake da kuɓewa kuwa suna taimakawa wajen rage shi. Gishiri, in ji OMS, kada ya kai giram 5 a yini, don yawansa ke kawo hawan jini, wanda muka sani da tansiyo.

Na biyu, zama. Daga ƙofar gida sai mota ko kabu-kabu, daga nan sai kujerar biro har la'asar. OMS ta nemi baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar ƙasa da hanzari ta rabin awa, kwana biyar. Wannan yana ƙara HDL, yana sassauta tansiyo.

Na uku, taba. Hayaƙinta yana ɓata cikin hanyoyin jini, yana rage HDL, yana sa jini saurin daskarewa, har ga wanda ke zaune kusa da mai sha. Ƙasarmu tana da doka mai lamba 2006-12 ta ran 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana tallar taba da shanta a wuraren taruwar jama'a. Ya kamata shugabannin ma'aikatu su fara aiki da ita cikin birorinsu. Wanda ya bar taba, bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciyarsa yana raguwa da kusan rabi.

Jama'a, teɓa ba shaidar arziki ba ce. Magidanci in ya kwanta, gida duka ya kwanta: kuɗin magani ya cinye rumbu, yara su bar lakwal. Wanda ya haura shekara 40 ya je a auna tansiyonsa da jininsa. Wanda likita ya rubuta wa magani kuma, kada ya daina sha don ya ji sauƙi.