Tasawa da Mayahi: ciyawa ba tsada, tsakuwa ce matsalar

A Tasawa, ruwan wanka da na wanke-wanke yana bin lungu ya ƙare a tabkunan cikin gari, inda yara ke wasa, dabbobi ke sha. Haɗin gwiwar garin da Conflans-Sainte-Honorine ta Faransa ya taimaka wajen gina makewayi, amma tace ƙazamin ruwa aiki ne da har yanzu ke jira. Kwalarar 2021 da ambaliyar 2024, da suka ji wa jihar Maradi ciwo, sun nuna abin da jiran ke jawowa.

Dabarar da ta fi dacewa da aljihun ma'aikatar magajin gari ita ce fadamar da ake ginawa: rami mai faɗi da aka cika da tsakuwa da yashi, aka dasa ciyawa a kai. Babu inji, babu kuɗin lantarki. A Wagadugu masu bincike sun gwada gamba da jema, kuma duka biyun manomanmu sun san su.

Sai dai ba ciyawar ce ke yin babban aikin ba. Ƙananan halittun da ke manne a jikin tsakuwa su ke cinye dattin, saiwa kuwa tana buɗe wa ruwa da iska hanya. A Faransa, matakin farko tsakuwa ce mai milimita 2 zuwa 8, yashi sai a mataki na biyu. Nan ne gizo ke saƙa. Rairayin Mayahi yana ko'ina, kyauta, amma ya cika laushi: yana toshewa, ruwa ya taru a sama, sauro ya samu gida. Ɗan kwangilar da ya kwashe shi don rage kuɗin mota, wani tabkin ya ƙara wa gari.

Marmara tana riƙe sinadarin fosfor saboda ƙarfen da ke cikinta. A Turai abin so ne. A nan, inda ƙasa ke yunwar fosfor, in ruwan zai tafi ban-ruwan itatuwa, riƙe shi asara ce. Gara a sa kuɗin wajen tankaɗe tsakuwa da wanke ta.

A kwarin Gulbin Kaba kuwa ruwan ƙasa ba shi da nisa sosai, yashi kuma ba ya hana ruwa wucewa. Dole a daɓe gindin ramin da yumɓu ko a shimfiɗa roba mai kauri, in ba haka ba dattin zai gangara rijiyoyin da ake sha.