Kishi Kumallon Maza Ne Kuma

Bahaushe ya ce kishi kumallon mata. Ni kuwa ina ganin karin maganar ta yi wa maza sassauci, kuma shaidata ita ce Othello, wasan kwaikwayon Shakespeare da ɗaliban adabi a Kabo da Gwarzo suka nazarta don jarrabawar WAEC daga 2016 zuwa 2020.

A kashi na uku, fitowa ta uku, Iago bai fara da zargi ba. Ya ga Cassio ya rabu da Desdemona cikin sauri, sai ya nuna damuwa, ya kame baki. Ubangidansa Othello na tambaya, shi yana maimaita tambayar kamar mai ɓoye wani abu. Sannan ya gargaɗe shi kan kishi, ya tuna masa cewa matar nan ta yaudari mahaifinta kafin ta aure shi. Kafin hankicinta ya zama shaida, zuciyar miji ta riga ta yanke hukunci.

Kuskuren Othello shi ne neman hujja wurin annamimi, bai kira Cassio ya tambaye shi ba. Ƙarshenta ya kashe matar da ba ta ci amanarsa ba.

A Durun ma, magulmaci rabin magana yake ajiyewa a majalisa ko a waya, miji ya ƙarasa da kansa. Kafin ka furta saki, ka ji ta bakin wadda ake zargi.