Tankin Murjani na Farko: A Fara da Batir Kafin Manhaja

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: ɗaki mai duhu, tankin gilashi cike da ruwan gishiri, shuɗin haske yana sauka a kan murjani masu launi kamar an zuba musu fenti, ga kifin nan mai ruwan lemo da fari da aka sani tun fim ɗin Finding Nemo na 2003. Mai tankin yana latsa waya, haske yana canzawa, igiyar ruwa tana ƙaruwa. Matashin da yake son na'urori da wuya ya gani bai ji sha'awa ba.

Matsalar ita ce bidiyon yana nuna kayan da ya kamata su zo ƙarshe a jerin sayayya kamar su ne na farko. Wanda zai haɗa tankinsa na farko ya kamata ya kashe mafi yawan kuɗinsa a kan abubuwa uku da ba su da kyan gani a bidiyo: wutar da ba ta yankewa, ruwa mai tsabta, da hanyar hana ruwan yin zafi. Fitilar da ake sarrafawa da waya tana iya jira.

Me ya sa abin yake da wuya haka?

Murjani dabba ce, ko da yake a ido yana kama da dutse ko fure. A cikin jikinsa akwai wasu ƙananan gansakuka da suke amfani da haske su samar masa da mafi yawan abincinsa. Idan ruwa ya yi zafi fiye da yadda ya saba, sai ya kore su, ya koma fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Haka ya faru da babban yankin murjani na Great Barrier Reef a Ostireliya a 2016 da 2017, inda ƙarin zafin da bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba na tsawon makonni ya yi mummunar ɓarna. In teku da girmanta ta kasa kare murjani daga wannan, ina ga akwatin gilashi a kusurwar ɗaki?

Masu wannan harka suna riƙe ruwansu tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Selshiyos, gishirin kuma kimanin giram 35 a kowace lita, wato 1.025 zuwa 1.026 a na'urar awo. Kai wa waɗannan lambobi ba wuya. Riƙe su dare da rana, wata da watanni, nan aikin yake.

Wuta ita ce ran tankin

Da zarar an ɗauke wuta, injin da ke motsa ruwa ya tsaya, iskar oksijin ta fara raguwa. Ruwan gishiri mai ɗumi dama ba ya riƙe iska kamar ruwan daɗi mai sanyi, don haka cikin sa'o'i kaɗan kifaye su fara haki a saman ruwa. Murjani zai jure kwana ɗaya ko biyu babu haske, amma ba zai jure tsayawar ruwa ba. Mai zaune a Kano, Kaduna ko Sakkwato ya san sau nawa ake ɗauke wuta a mako, saboda haka wannan lissafi shi ne na farko.

Lissafin kuma mai sauƙi ne. A ɗauka injin motsa ruwa da injin mayar da ruwa tare suna cin wat 30. A sa'o'i 12 sun ci 360 ke nan. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da kimanin 1,200 a rubuce, amma in na gubar dalma ne, rabi kawai ya kamata a zuƙe in ana so ya daɗe. Ke nan batir guda zai riƙe injinan dare ɗaya ba fargaba. Wanda ke da sola da inbata a gida ya riga ya yi rabin tafiya, sai dai ya tabbatar tankin yana kan layin da ba a kashewa idan caji ya yi ƙasa. Janareta ba ya wadatarwa shi kaɗai, domin ba ya tayar da kansa da ƙarfe uku na dare.

A nan ne raunin na'urori masu manhaja yake fitowa. Kamfanoni irin su Neptune Systems mai Apex, da Red Sea mai manhajar ReefBeat, da EcoTech Marine mai Mobius, suna yin kaya masu kyau, wasu har suna turo gargaɗi a waya. Amma gargaɗin yana bi ta Wi-Fi, na'urar Wi-Fi ɗin kuma tana mutuwa tare da wutar. Ko saƙon ya iso, me mutum zai yi yana makaranta ko kasuwa? Duk mai rubuta manhaja ya san tsarin da ya dogara da abu guda yana faɗuwa ranar da abin ya faɗi.

Zafi da ruwa

Jerin kayan da ake gani a shafukan Amurka da Ingila kullum yana farawa da hita. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, sanyaya ruwa ne babbar damuwa, hita sai lokacin hunturu. Na'urar sanyaya ruwa tana da tsada kuma tana cin wuta fiye da duk sauran kayan. Ƙaramar fanka da ke busa saman ruwa tana rage digiri kaɗan, kuma tana aiki sosai a busasshiyar iska, amma tana sa ruwa ya riƙa ƙafewa da sauri. A ajiye tankin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga.

Ruwa yana ƙafewa, gishiri yana nan. Shi ya sa ake cike gurbin da ruwan da ba gishiri. Shi ya sa kuma ƙaramin tanki, duk da arharsa, ya fi wahalar da sabon shiga. In lita ɗaya ta ƙafe daga tankin lita 20, gishiri ya ƙaru da kusan kashi 5 cikin ɗari. A tankin lita 200 ƙarin bai wuce rabin kashi ɗaya ba. Tsakanin lita 100 zuwa 200 ya fi dacewa da mai farawa, amma a tuna lita 200 ta haura kilo 200 tun ba a sa duwatsu ba, teburin kwamfuta ba zai ɗauka ba.

Ruwan famfo, na burtsatse ko na leda duk ba su dace ba, saboda sinadaran da ke cikinsu suna kiwon gansakuka, jan ƙarfe kuwa ko kaɗan ne yana kashe murjani. Ana buƙatar matatar RO/DI da ƙaramar mitar TDS da za ta nuna 0. Gishirin miya ma ba ya aiki, sai haɗaɗɗen gishirin da aka yi domin tanki, irin na Instant Ocean ko Red Sea. Kuma kafin a sayi tanki a tabbatar daga ina gishirin zai riƙa zuwa, domin ana canza kimanin kashi 10 cikin ɗari na ruwan kowane mako ko biyu.

To, fitilar fa?

Masu cewa haske ne abincin murjani sun yi gaskiya, kuma na'urar da ke lura da zafi tana kashe hita da kanta ta ceci tankuna da dama. Sai dai tanki sabo yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin bakteriya su yawaita su iya narkar da amoniyar da ke fitowa daga kashin kifi, kuma a wannan lokacin babu abin da ke buƙatar haske mai tsada. Bayan nan ma, murjani masu taushi da ya kamata a fara da su suna rayuwa da matsakaiciyar fitilar LED da ɗan agogon kunnawa da kashewa. Masu tauri su ne ke son haske mai ƙarfi, kuma cinikinsu tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, sai da takardun izini. Kifi kuma a nemi wanda aka haifa a gona, a fara da biyu, a bar shuɗin nan na Finding Dory, domin yana buƙatar tanki mai ɗaruruwan litoci.

Tsarin sayayya da ya dace shi ne: wutar ajiya, matatar ruwa, gishiri da na'urar auna shi, kayan gwajin amoniya da sauran sinadarai, injin motsa ruwa, fanka da ma'aunin zafi, sannan fitila. Manhaja ta zo bayan tankin ya yi wata shida lafiya.

Wanda ya yi lissafi ya ga ba zai iya ba wa tankin wuta ta sa'o'i 24 ba, ya fara da kifin ruwan daɗi, ya koyi aikin da kuɗi kaɗan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Waya in ta lalace ana kai ta gyara, amma abin da ke cikin tankin nan rai ne da aka ɗauko daga nesa, kuma dare ɗaya babu wuta ya isa ya hallaka shi.