Damuwar da ake kaiwa majami'a a kudancin Katsina

A ranar Lahadi, 15 ga Janairun 2023, 'yan bindiga suka faɗa wa majami'ar Sabon Rai Don Kowa da ke Ɗantsauri, a ƙaramar hukumar Ƙanƙara, ana tsakiyar sujada, suka kora wasu masu ibada zuwa daji. Labarin bai daɗe a jaridu ba, domin Ƙanƙara ta riga ta ga wanda ya fi shi girma: ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya da aka kwashe a daren 11 ga Disambar 2020, aka sako 344 bayan kwana shida. Ni dai harin majami'ar ne ya bar ni da tambaya. Wanda aka sace ɗan'uwansa a wurin addu'a, da wace zuciya zai koma ya durƙusa a Lahadi mai zuwa?

Mai karatu na nesa zai iya mamakin jin akwai majami'u a wannan yanki. Akwai su, kuma masu cika su Hausawa ne, da yawansu jikokin Maguzawa, manoman masara da dawa. Da Hausa ake musu wa'azi, daga Littafi Mai Tsarki wanda aka fara buga cikakkensa da harshen a 1932. Abin da ke hana su barci shi ne ke hana maƙwabtansu Musulmi: gonar da ta gagari zuwa, harajin da 'yan bindiga ke ɗorawa kafin girbi, da kuɗin fansa da ke cinye shanu da rumbu. Da aka katse layukan waya a Satumbar 2021 a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, hatta jin muryar ɗa da ke Kaduna ya zama aiki.

Ina ganin addu'a tana sauƙaƙa wa waɗannan mutane da gaske, kuma ana iya bayanin yadda take yi. Tsoro daban, damuwa daban. Tsoro yana zuwa da ƙarar babura, ya tafi idan sun wuce. Damuwa kuwa sai dare ya tsala take zuwa, ta yi ta juya tunani ɗaya, ba kai ba gindi. Mai addu'a dole ya kama wannan tunani ya ba shi suna: ɗana yana daji, ban san ko ya ci abinci ba, ba ni da abin da suka nema. Da zarar abu ya sami suna, an san iyakarsa. Daga nan mutum zai ware abin da ke hannunsa, kamar sayar da tunkiya ko neman dangi, ya miƙa wa Ubangiji wanda ya fi ƙarfinsa, ya samu ya ɗan runtsa.

Sannan a majami'a ba a ɓoye roƙo. Ana ambatonsa a gaban jama'a, kuma kunnen da ya ji ba ya iya cewa bai sani ba. Matan Zumunta da suka yi wa uwa addu'a da safe, su ne za su shigo mata da kwanon tuwo da yamma, su zauna da ita har ta ci. A wurina wannan ma amsar addu'a ce, ko da ɗan bai dawo ba tukuna.

Inda nake da ja shi ne da masu wa'azin da suka mayar da sura ta 6 ta Matiyu da ta 4 ta Filibiyawa bulala, suna nuna cewa duk mai damuwa bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Sun manta cewa Manzo Bulus yana tsare ya rubuta wa Filibiyawa, cewa Zabura cike take da kukan mutanen da suka ga kamar Allah ya yi shiru, cewa Yesu kansa ya shiga matsanancin baƙin ciki a Getsamani. Matar da ta dawo daga daji ta daina magana, tana firgita da ƙarar murfin tukunya, tana bukatar fasto, tana kuma bukatar likita. Faston kirki shi zai fara faɗa mata haka.

Ja na biyu da masu mulki ne. Bayan kowane hari sai a ji an ce jama'a su dage da addu'a, kamar da can sun daina. A bakin tsohuwar da ke raɓe a gidan dangi a Funtuwa, wannan magana ta'aziyya ce. A bakin mai riƙe da kasafin tsaro, zillewa ce. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma a Oktobar 2023, a 2025 kuma an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a Faskari da wasu ƙananan hukumomi, inda suka zo da makamansu suka koma da su. Manomin Sabuwa da zai fita gona bayan wannan zama, har yanzu sai ya tara iyalinsa sun yi addu'a, sannan ya faɗa wa matarsa wanda za ta nema idan rana ta faɗi bai dawo ba.