A Daina Kiran Mai Tambaya Mai Ja da Baya

Akwai wata koyarwa da ta yi kaka-gida a majami'unmu, daga Daura har Malumfashi. Ba ta cikin littafin kowace ikilisiya, amma kowa ya haddace ta: wai shakka aikin Shaiɗan ce, mai bi na gaskiya ba ya tambaya, wanda kuma ya ce bai gane ba, to bangaskiyarsa ta yi sanyi, maganinsa azumi da addu'ar dare. Ban yarda da wannan koyarwa ba, domin ita ce ke raba mu da 'ya'yanmu a ɓoye, su kuwa suna nan zaune a layin mawaƙa.

A ƙasar Daura, ko cikin gari ne, ko Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure, Kirista ɗan tsiraru ne. Yawanci baƙi ne: ɗan kasuwa, ɗan sanda, malamin asibiti, ɗalibin da karatu ya kawo, da Masihiyawa Hausawa daga kudancin jihar Katsina. Saurayin da ke koyon kanikanci da Musulmi yake wuni, da su yake cin tuwo, da su yake zama teburin mai shayi. Za su tambaye shi, kuma galibi ba da mugun nufi ba: "Kai, yaya ɗaya yake zama uku? Ba an canza Linjila ba? Me ya sa Littafin 'yan Katolika ya fi naku kauri?" Ranar Lahadi bayan sujada sai ya sami dattijon ikilisiya, ya rusuna ya ce, "Baba, an yi mini wata tambaya na rasa amsa." Sai a ce masa, "Ɗana, ka rage zama da su, ka riƙe addu'a." Ba zai rage zama da su ba, can abincinsa yake. Tambaya zai daina kawowa. Da dare ya ɗauki waya ya shiga Facebook da TikTok, inda masu muƙabala suke da amsa a kan komai, ko daidai ko ba daidai ba.

Abin takaicin shi ne amsoshin suna nan, ba a dai koyar da su ne. Bambancin littattafai 66 namu da 73 na 'yan Katolika a Tsohon Alkawari kaɗai yake, ya kuma samo asali daga tsohuwar fassarar Helenanci da ikilisiyar farko ta yi amfani da ita. Sabon Alkawari littattafai 27 ne a wurin kowa. Akwai kwafin Sabon Alkawari cikakke da aka rubuta da hannu tun ƙarni na 4, yana ajiye a Landan, kowa na iya gwada shi da wanda ke hannunsa. Naɗaɗɗun littattafan da aka fara ganowa a kogunan bakin Tekun Gishiri a 1947 sun haɗa da littafin Ishaya da ya girmi haihuwar Almasihu. Batun Uku-Cikin-Ɗaya kuwa, sai da shugabannin ikilisiya suka taru a Nikiya a shekara ta 325 suka tafka mahawara a kansa. In manyan malamai sun yi gumi a kan magana, don me za a zargi yaron gareji da ya ce ta yi masa nauyi?

Masu hana tambaya ba su da madogara a Littafin da suke riƙe da shi. Toma ya ƙi yarda da labarin tashin Yesu, ba a kore shi daga cikin almajirai ba, bayan mako guda aka nuna masa tabon ƙusoshi. Yahaya Mai Baftisma, wanda ya yi wa Yesu baftisma da hannunsa, daga kurkuku ya aika a tambayo ko shi ne wanda ake jira. An aika masa da hujja, aka kuma yabe shi a gaban jama'a. Tarihinmu ma haka ya nuna. A 1913 wasu daga cikin wata ƙungiya da ake kira Isawa suka je wurin wani ɗan mishan, Dakta Miller, a Zariya da tambayoyinsu a kan Annabi Isa, daga nan aka sami jama'ar Kirista ta garin Gimi. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, an yi ne don manomi ya karanta da kansa ya bincika. Ajin karatu ne ya gina ikilisiyar Hausa, ba lasifika ba.

Na san abin da za a ce: akwai mai fakewa da shakka don ya ci gaba da zunubinsa. Akwai shi, ba na musu. Amma yadda muke bi da zunubin ma ciwon ɗaya ne. Yarinya ta yi ciki, an sa ta ƙarƙashin horo, an mai da ita kujerar baya, an hana ta jibin Ubangiji, duk ikilisiya na kallonta. Wanda ya yi mata cikin sau da yawa ba a ko kira sunansa. Mai tauye mudu, mai danne kuɗin lebura, mai dukan matarsa a daren Asabar, suna kujerar gaba saboda baikonsu da nauyi. Darasin da matashi ke ɗauka shi ne laifi ɗaya ne kawai, a kama ka. Don haka mai shan ƙwaya da wanda cacar waya ta cinye wa jari sai su yi gum, suna zuwa sujada suna tafi. Miki ne aka ɗaure da tsumma ba a wanke ba. Zakka, mai karɓar harajin nan na Yariko, tubarsa ta fito fili ne da mayar wa mutane dukiyarsu ninki huɗu. Yaushe rabon da a ji an tilasta wa wani babba a cikinmu ya mayar da abin da ya ci kafin ya karɓi jibi?

Sai maganar harshe. A garuruwa sujadar Turanci tana ta ture ta Hausa, alhali tambayar da ake yi wa yaro a kasuwar Mai'adua da Hausa take zuwa, da Hausa kuma za a amsa ta. A 2023 aka kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, ya shugabance shi. ECWA da Angilikan su ma suna da fastoci Hausawa masu ilimi. Malamai ba su yi mana ƙaranci ba.

Ina roƙon fastocinmu da dattawa su ware yamma ɗaya a mako, su zauna da matasa da Zumuntar Mata, a buɗe Littafi, kowa ya kawo abin da ke damunsa, ko a rubuce a takarda ba suna. Fasto ya amsa wanda ya sani, wanda bai sani ba ya ce zai bincika, ya kuma dawo da amsar mako mai zuwa. A kuma naɗa dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya masu riƙe sirri, waɗanda yaro ko yarinya za su iya gaya wa abin da suka faɗa ciki ba tare da sun ji labarinsu a sanarwar Lahadi ba.